Yadda muka tayar da Inna da tafi da kiɗan ƙwarya

Sati huɗu bayan an yi wa Inna aikin cire mama, na shiga ɗakinta da hantsi na tarar tana ƙoƙarin tashi daga bakin gado. Ta dafa katifa da hannun dama, ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta sake komawa. A na uku ta ɗago ido ta gan ni a bakin ƙofa, sai ta wayance da gyaran ɗankwali kamar dama ba tashi za ta yi ba. Wannan matar fa ita ce duk layinmu, can wajen Ƙofar Marusa, aka sani da sharar asuba. Kafin ladan ya yi kiran farko ta gama tsakar gida ta ɗora ruwan koko. Sankarar a mama take, ba ta taɓa ƙafafunta ba. Kwanciya ce ta cinye su, kuma mu muka kwantar da ita. Duk wanda ya shigo dubiya abu ɗaya yake faɗi: "Hajiya, a kwanta a huta, kada a motsa." Buta a bakin gado, abinci a bakin gado, sallah a zaune. Mu a ganinmu gata muke yi mata.

Ni malamar makaranta ce, ilimin halittu nake koyarwa a sakandare, ba likita ba ce. Abin da zan faɗa shi ne abin da muka yi a gidanmu cikin watannin da Inna ta yi tana karɓar ruwan maganin sankara, wanda a asibiti ake ce wa kemo, da abin da ma'aikaciyar gashin ƙashi ta koya mana, da abin da na karanta. Ke da aka bar wa jinya nake yi wa magana, ko uwa kike jinya, ko miji, ko ɗa.

Akwai wani gwaji da nake ba ɗalibaina labarinsa. A 1966, a garin Dalas na Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara 20 a gado har sati uku, lafiyarsu ƙalau. Da suka tashi aka auna ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu, ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka auna, sai ga shi sati ukun nan na kwanciya ya fi tsufan shekara 30 yi musu illa. To in haka ta faru da ɗan shekara 20, ina ga dattijuwar da aka yi wa aiki, jini ya yi ƙasa, abinci ba ya shiga?

Tsokar sha-raɓa ita ke matsa jini ya koma sama wajen zuciya. In ta daina aiki jini yakan kwanta a jijiya, har ya daskare. Huhun da ba ya jan numfashi mai zurfi majina na taruwa a cikinsa. Maganin hana amai da na kashe zafi suna ɗaure ciki, motsi kuwa na taimaka wa hanji. Wanda ya wuni kwance ba ya samun barcin dare. Ita kuma gajiyar kemo wata irin gajiya ce da barci ba ya kore ta. A 2019 ƙwararru daga ƙasashe da dama, ƙarƙashin kwalejin likitocin wasanni ta Amurka, sun tattara binciken da aka yi kan masu sankara, suka ce matsakaicin motsi na kamar minti 30, sau uku a mako, yana rage wannan gajiyar, yana rage fargaba da ƙuncin zuciya, yana ƙara wa mutum ƙarfin yi wa kansa hidima.

Sanin wannan bai tayar da Inna ba. An ce mu riƙa zagayawa da ita tsakar gida safe da yamma. Ta yi kwana biyu, a na uku ta ce, "Ke 'yar nan, ƙyale ni. Zagayen mi zan yi a gidan da na yi shekara arba'in ina sharewa?" Na yi lallashi, na yi roƙo, har na kira ƙanena a waya ya sa baki. Shiru.

Autata ce ta buɗe ƙofar, yarinya 'yar shekara shida, kishiyar Inna a wasan kaka da jika. Wata la'asar ta ɗauko bahon wanki ta zuba ruwa, ta kifa ƙwarya a ciki kamar yadda ta gani a wajen wani suna, ta sami ludayi tana ta bugu a ƙofar ɗakin, tana cewa, "Kishiya, kin tsufa, na ƙwace maigidan, ko rawa ba ki iyawa." Ina madafa ina shirin tsawata mata sai na ji muryar Inna daga ciki: "Wanga kiɗa naki ba kai ba gindi. Kawo nan ki gani." Na leƙa ta taga. Inna ta miƙe zaune ba filo a bayanta, ta ɗora ƙaramar ƙwarya a cinya tana bugu da yatsun dama. Can sai kafaɗa ta fara amsawa. Babban yatsan ƙafarta na ɗagawa yana sauka a kan siminti. Ta fi minti goma a haka, ita da tun bayan aiki ba ta yi minti biyar zaune ba tare da jingina ba. Daga ranar na daina ce mata ta motsa jiki.

Amma kafin ki kifa ƙwarya, sai kin ga likita. Layin asibiti dogo ne, lokacin da za ku samu da shi kaɗan ne, don haka rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida. Ciwon ya taɓa ƙashi? Wannan ita ce ta farko, domin ƙashin da sankara ta ci yana iya karyewa da ɗan juyi ko ɗan tsalle. Jininta nawa ne a gwajin ƙarshe? Ƙwayoyin da ke tsayar da jini in an ji rauni sun yi ƙasa? Maganin da take karɓa yana taɓa zuciya? Cikin na Inna akwai wani jan ruwa, wanda har fitsari yake rinawa kwana ɗaya ko biyu, kuma an gaya mana irinsa ana lura da zuciya a kansa. Hannun da aka yi aiki a gefensa, zuwa ina aka yarda a ɗaga shi? Sannan ki roƙi a tura ku sashen gashin ƙashi, ko da sau ɗaya ne, su gwada miki da hannunsu yadda ake tayar da mutum daga kujera ba tare da an ja shi ba.

Sai ki san kwanakin maganin kamar yadda manomi ya san kwanakin damina. Inna duk kwana 21 take karɓar nata. Kwana uku ko huɗun farko tashin zuciya ne da jiri, ba a maganar tsayuwa. Daga wajen kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke yaƙi da cuta, sukan yi ƙasa sosai, ko da ita tana jin dama-dama. Satin ƙarshe shi ne na walwala. Na samu kalanda na rataye a bayan ƙofa, na zagaye kwanakin tsakiyar nan da jan biro, kowa a gidan ya san ma'anarsu.

Abin da ya fi jiri da gajiya tsaya mana a hanya shi ne kunya, kuma a nan nake so ki natsu. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta rausaya a gabana. Maigidana kuwa ko tarinsa ta ji a zaure sai ta ja mayafi. In kin tara manyan 'ya'ya da surukai kun zagaye dattijuwa kuna cewa ta taka, kun ci mutuncinta ne, kuma ba za ta sake yarda ba. Nemo wanda al'ada ta ba shi izinin tsokanarta: jika, ko ƙawar ƙuruciya, ko tabashiya, ko autar ɗaki. Mu jikoki biyu muka sa, da ƙanwata auta wadda ke zama kusa don tarewa. Ni kuwa madafa nake shiga in bar ƙofa a ɗan buɗe, ina yankan kuɓewa ina ƙidaya mintoci. A rufe ƙofar zaure, a gaya wa maza su yi sallama su jira. Kuma don Allah a ajiye waya. Mace ce da gashinta ya zube, an cire mata sashen jiki, ta rame; ranar da ta ga an saita ta da waya, ko ta ji hotonta ya shiga WhatsApp na dangi, wasan ya mutu. Kalmar rawa ma ba mu taɓa furta ta ba. Cewa muke yi yara na son Inna ta gyara musu kiɗa.

Wata maƙwabciyarmu da ta ji ƙwarya na tashi kullum la'asar a gidan da ake jinya ta ja ni gefe ta ce, "Ba dai girka kuke yi mata ba?" Ban ga laifinta ba, don a ƙasar Hausa in an haɗa kiɗa da mara lafiya tunani bori yake tafiya. Na shigo da ita ta ga kaka da jikoki da baho, ta zauna har ta yi mana amshi. Akwai kuma gidajen da ba a kiɗa sam saboda fahimtarsu ta addini, kuma bai kamata jinya ta zama dalilin rigima a kan haka ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wasu yara mata biyu sun yi waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar Idi, Manzon Allah (SAW) ya ce a ƙyale su. Duk da haka kowane gida ya tambayi malaminsa. Abin da jiki ke bukata bugu ne mai maimaituwa, kuma tafi ya isa. Bege da baki ya isa. Waƙar raino, waƙar niƙa, ƙidaya da murya mai daɗi, duk suna aiki.

In kuwa za a yi kiɗan, a zaɓi na zamanin ƙuruciyarta. Na gwada sa mata waƙoƙin bikin yanzu a waya, ta ce suna sa mata ciwon kai, kuma gaskiyarta, saurinsu ya fi ƙarfin ƙafar mai jinya. Amada mai sanyi, waƙoƙin gaɗa na dandali, da luguden daka su ne suka shige ta. Waɗannan jikinta ya haddace su tun kafin a haife ni, ba sai ta yi tunani ba. Akwai dalili a ƙwaƙwalwa: sashen ji da sashen motsi a haɗe suke, in bugu na zuwa daidai-daidai ƙwaƙwalwa takan san lokacin da na gaba zai faɗo, sai ta shirya ƙafa tun kafin ya iso. Wani masani, Michael Thaut, ya yi aiki a kan haka a jami'ar jihar Kolorado tun shekarun 1990, ya nuna masu shanyewar ɓarin jiki da masu ciwon karkarwa na Parkinson suna gyara takunsu in ana buga musu sauti mai tsari. A birnin Niyok kuwa tun 2001 wata ƙungiyar 'yan rawa ta fara koya wa masu wannan ciwon karkarwar rawa a aji, abin ya bazu ƙasashe da yawa. Matan da ke lugude su uku a turmi ɗaya taɓarya ba ta karo sun daɗe da sanin wannan a aikace.

Wuri da lokaci ba sa son dogon bayani. A bazarar Katsina zafi na wuce digiri 40, don haka ko bayan sallar asuba ko bayan la'asar a inuwar bedi. Da hunturu a jira hantsi, in ƙura ta yi yawa a koma ɗaki. A naɗe tabarma, bakinta na harɗe ƙafa. A tabbata siminti ya bushe. Ban da silifas. Takalmi mai rufe dunduniya ya fi, musamman in magani ya sa tafin ƙafa ya fara mutuwa ko yana tsira kamar allura, ko in tana da ciwon suga. Kujera ta zama mai baya da hannu, mai tsayi. 'Yar tsugunno ba ta yi, ta roba kuma in ita kaɗai ke akwai a jingina ta da bango. Kofin ruwa a kusa.

A zaune ake farawa, kuma mun yi sati biyu cur ba mu wuce nan ba. Tafi tukuna, a hankali, hannu a gaban ciki. Sai ƙwarya a cinya. Sai kafaɗa: a ɗaga a sauke, a juya baya. Sai ƙafa: dunduniya, yatsu, dunduniya, yatsu, daidai da bugu, wannan shi ne aikin sha-raɓar da na faɗa, kuma ko ba a yi komai ba a yi shi. Sai ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya kamar mai taka laka. Daga nan muka shigo da aikin gida cikin wasan. Mun ba ta faifai da ɗan gero tana bakace, yara na waƙa. Wuyan hannu da kafaɗa suna aiki ita kuma tana ganin tana da amfani, wanda shi ma magani ne ga macen da aka hana ta taɓa tsinke. Mun yi luguden da ba turmi, hannu biyu a dunƙule ana ɗagawa ana saukewa, ita da jikoki bi-da-bi.

Tashi daga kujera shi ne babban darasi, don da shi ake zuwa banɗaki, da shi ake sallah. Mun ɗaura shi a kan amshi. Duk lokacin da waƙa ta zo wurin amshi, Inna za ta matso bakin kujera, ta ja ƙafafu baya ƙarƙashinta, ta sunkuyo da ƙirji gaba, ta dafa hannun kujera ta miƙe, ta tsaya har amshin ya ƙare, ta zauna a hankali ba faɗawa ba. Sau uku muka fara. Mai tarewa ta tsaya a gefe da hannu a bayan ƙugunta, ba a kama ta a hammata, ba a jan hannu. In ta miƙe a ɗan dakata, don jini kan yi ƙasa a ga duhu-duhu. Da ta kai sau takwas ba haki, sai muka juya kujerar ta riƙe bayanta tana tsaye tana rangaji, nauyi a ƙafar dama, nauyi a ta hagu. Sai taku ɗaya gefe, a dawo. A ƙarshe 'yar da'ira a tsakar gida, autata a gaba tana waiwaye tana tsokana, Inna a baya tana ramawa, zagayen da ta rantse ba za ta yi ba. Juyi da sauri, tsalle, durƙuso, da faɗawa bayan nan ta gaɗa da 'yan mata ke yi a cafe su, duk babu su.

Minti uku zuwa biyar ya isa ranar farko. A ƙara minti ɗaya ko biyu bayan 'yan kwanaki, kuma gajere sau biyu a rana ya fi dogo sau ɗaya. Ma'aunin yana bakinta: in tana iya yin amshi, motsin mai sauƙi ne, nan za a tsaya a makonnin farko. In tana iya magana amma waƙa ta fara yi mata wuya, an kai matsakaici, kada a wuce. In maganar ma tana yankewa, a zauna. Washegari kuma ki duba ta. In ta tashi a gajiye fiye da yadda ta saba, a rage rabi. A tsaya tun tana marmari, ita ce za ta nemi na gobe.

Hannun hagu ya ba mu aiki na daban. An cire mata kaluluwar hammata tare da maman, wurin ya ɗaure, ko ɗaurin ɗankwali sai an yi mata. Muddin robar da ke tsiyayar da ruwa na jiki ba a yarda ta ɗaga shi sama da kafaɗa ba. Bayan an cire ta, likita ya ba da izini, aka koya mana hawan bango: ta fuskanci bango, yatsu su riƙa rarrafawa sama har inda ta ji ja, ban da zafi, ta tsaya ta ja numfashi, ta sauko. Mun sa masa waƙar gizo-gizo da yaran suka ƙirƙira, kuma duk Juma'a jikanta namiji, wanda take kira maigida, yakan ja layi da gawayi a inda yatsanta ya kai. Motsin da ake ƙarawa sannu-sannu ba ya jawo kumburin hannu, amma ki sa ido: in zobe ko awarwaro ya fara matse ta, ko ta ce hannun ya yi mata nauyi, a faɗa wa asibiti da wuri.

Akwai alamun da in kin gan su ba shawara, a tsaya nan take: ciwon ƙirji, numfashi ya gagara, zuciya na bugawa ba tsari, jiri mai ƙarfi, sabon ciwo a ƙashi ko a gadon baya, jini a dasashi ko hanci, ko tabon taruwar jini a fata ba tare da ta bugu ba. In ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, kada ki matsa, kada ki shafa man zafi ki murza kamar yadda muka saba. Yana iya zama jini ne ya daskare, murzawa kuwa na iya tura shi huhu. Asibiti kai tsaye.

Zan faɗi kuskurena don kada ki maimaita. A zagaye na biyu na maganin, da na ga wasan ya karɓe ta, daɗi ya ɗebe ni na bar yaran maƙwabta suka cika tsakar gida, kwana na goma, cikin kwanakin jan biro. Ɗaya daga cikinsu na ta tari da majina. Bayan kwana biyu cikin dare jikin Inna ya yi zafi, tana rawar sanyi. Ƙanena ya ce maleriya ce, a ba ta farasitamol a jira safiya. Allah Ya sa muna da ma'aunin zafin jiki, ya nuna sama da 38, kuma an riga an gargaɗe mu cewa ga mai karɓar kemo wannan ba abin kwana da shi ba ne. Cikin daren muka tafi. Ta yi kwanaki a gadon asibiti ana yi mata allurai ta jijiya. Har yau in na tuna daren gabana na faɗuwa. Sayi ma'aunin nan tun yau. A kwanakin tsakiya a bar wasan ga mutum biyu ko uku na cikin gida, masu lafiya, da suka wanke hannu da sabulu.

Ranakun da ba ta iya tashi ma ba a barinsu haka nan. Tana kwance a rera mata a hankali, ta juya idon sawu, ta dunƙule hannu ta buɗe, ta ja numfashi da baiti ɗaya ta sake shi da na biyu. Wata rana ko wannan ba za ta so ba, za ta juya fuska bango. Ƙyale ta. Zauna kusa ki yi shiru, ko ki sa mata karatun Alƙur'ani. Mai jinya an ƙwace masa iko da abubuwa da yawa na rayuwarsa, kada a ƙwace masa ikon cewa a'a.

In naki mai jinyar namiji ne, ƙwarya ba za ta tayar da shi ba. Tsohon manomi gangar noma ta gayya ce ke cikin jininsa. Wani kalangu ne, wani tambari da kakakin hawan sallah, wani kuwa taku zuwa masallacin unguwa da carbi a hannu, yana daidaita ƙafa da tasbihi. Mai shanyewar ɓarin jiki a tsaya masa ta gefen da ya shanye, kuma kada a taɓa jan wannan hannun, kafaɗar na iya gocewa. Mai sikila ya sha ruwa sosai, ya guji wahalar da kai da sanyi. Mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa sau da yawa an ƙayyade masa ruwan da zai sha, don haka maganar kofin ruwa sai da izinin likitansa.

A 2025 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da masu bincike na Kanada suka jagoranta, kan mutum 889 masu sankarar hanji da suka gama aiki da kemo. An haɗa rabinsu da mai horarwa har shekara uku, sauran aka ba su takardun shawara kawai. Bayan shekara takwas, kusan 90 cikin 100 na masu horon suna raye, a ɗaya ɓangaren kusan 83. Yawancinsu tafiya da sauri suka riƙa yi, kuma dukkansu sai da suka kammala maganin asibiti. Wannan na ƙarshen nake so ki riƙe da hannu biyu, domin da zarar Inna ta fara takawa sai masu shawara suka taso: ai ta warke, a daina wahalar da ita da ruwan nan mai zubar da gashi, ga wani mai magani can a ƙauye. Na ga matan da muke haɗuwa a layi sun ɓace bayan zagaye na uku saboda irin wannan magana, wasu suka dawo ciwon ya yi nisa. Ƙwarya ba ta kashe sankara. Ƙarfin da ta ba Inna shi ne na hawa mota da ƙafarta ta je ta karɓi zagaye na huɗu, da na biyar, da na shida.

Yanzu asibiti sai ranar da aka ba ta don dubawa. Shara ta dawo hannunta, ko da yake da hantsi take yi. Ƙwaryar ta tsage an ɗinke ta, har yau ana kifa ta wasu la'asar ɗin, ni kuma har yau madafa nake shiga. Kafin Babbar Sallah ƙanena ya kawo mai fenti, da ya zo bangon ɗakinta ta ce masa, "Yaro, bar wanga gefe." Layukan gawayi goma sha ɗaya ne a wurin. Na ƙasa daidai kafaɗarta yake, na sama kuwa maigidan nata sai ya hau kujera ya ja shi.